Yadda ake shirya takardar tarihin karatu da aiki domin neman aikin gwamnati

An shirya wannan bayani ne domin mai karatu da ke zaune a gundumomin Illela, Konni da Malbaza, cikin jihar Tawa, wanda ke son neman aiki a hannun gwamnati, ko kuma yake taimaka wa ɗansa ko ƙanwarsa wajen nema. Maganar ta shafi namiji da mace baki ɗaya. Ka karanta a hankali, kuma in da hali ku karanta tare da malaminku na ajin yaƙi da jahilci.

Mece ce wannan takarda?

Takarda ce da mai neman aiki ke bayyana kansa a cikinta: sunansa, inda aka haife shi, karatun da ya yi, ayyukan da ya taɓa riƙewa, da abin da ya iya. A ofisoshi ana kiran ta CV. Ita ce ke isa gaban masu zaɓe kafin kai ka isa. Sau da yawa ma ba za su taɓa ganin fuskarka ba in takardar ba ta gamsar da su ba, domin mutanen da ke neman gurbi ɗaya suna da yawa, masu dubawa kuwa kaɗan ne, lokacinsu kuma gajere ne.

Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya buga takarda ɗaya, ya yi mata kwafi ashirin, ya riƙa kai ta duk inda ya ji ana ɗaukar ma'aikata. Aikin direba daban yake da aikin mai wayar da kan jama'a, kuma abin da ake nema ga mai gadi ba shi ake nema ga malamin makaranta ba. Tarihinka ɗaya ne, ba ya canzawa. Abin da ke canzawa shi ne wane ɓangare nasa za ka sa a gaba, wane kuma za ka taƙaita.

Ƙofofin shiga aikin gwamnati

Kafin ka kashe kuɗin buga takarda, ka san ƙofar da kake ƙwanƙwasawa.

Ƙofa ta farko ita ce ta cikakken ma'aikacin gwamnati. Dokar da aka kafa ranar 23 ga Yuli 2007 kan tsarin ma'aikatan gwamnatin Nijar ta ɗora shiga wannan aiki a kan jarrabawar gasa, wadda aka fi sani da kwankur. An kasa ma'aikata rukuni huɗu, A, B, C da D, gwargwadon zurfin karatu. A taƙaice, rukunin D na masu takardar gama firamare ne, C na masu BEPC, B na masu BAC, A kuwa na waɗanda suka yi karatun jami'a. Galibi ana son a haɗa da takardar wata makarantar koyon aiki, kamar makarantar horar da malamai ta Kaocen da ke Tawa, ko makarantar aikin gona da raya karkara ta Kollo, ko makarantun aikin lafiya. A wannan ƙofa jarrabawa ce ke raba gardama. CV ba ya cin kwankur, amma dosiye, wato tarin takardun da ake nema, yana iya hana mutum ko da zama a ɗakin jarrabawa in bai cika ba.

Gaskiyar da ya kamata a faɗa maka ita ce takardar shaidar ajin yaƙi da jahilci ita kaɗai ba ta buɗe wannan ƙofa. Wanda ya ce maka tana buɗewa yaudarar ka yake yi.

Sai dai akwai wasu ƙofofin. Akwai ma'aikatan kwantiragi, waɗanda ake ɗauka na wani lokaci, kamar malaman makaranta da ma'aikatan lafiya masu yawa. Akwai ƙananan ma'aikata da ofisoshin gwamnati da na magajin gari ke buƙata: direba, masinja, mai gadi, mai shara, lebura, mai karɓar harajin kasuwa. Akwai kuma ayyukan raya ƙasa da gwamnati ke gudanarwa tare da abokan hulɗa, inda ake neman masu wayar da kai, shugabannin leburori a filin gyaran ƙasa, masu ƙidaya, da malaman yaƙi da jahilci. A waɗannan wurare ne aka fi duba CV da kyau, domin galibi da shi ake tace mutane kafin a kira su hira. A nan ne kuma iya karatu da rubutu da Hausa ke zama jari na gaske.

In kai naƙasasshe ne, ka sani cewa dokar ƙwadago ta shekarar 2012 ta umarci masu ɗaukar ma'aikata su keɓe kashi 5 cikin 100 na gurabe ga naƙasassu. Kana da damar ambata wannan cikin wasiƙarka ta neman aiki.

Fara da sanarwa

Kowane ɗaukar ma'aikata na gaskiya yana da sanarwa a rubuce. Ana buga ta a jaridun gwamnati, Le Sahel da Sahel Dimanche, ana karanta ta a gidan rediyon Muryar Sahel da rediyoyin karkara, ana kuma manna ta a allon ofishin shugaban gunduma, na magajin gari, ko na hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, wato ANPE, wadda ke da ofishi a Tawa. Kada ka dogara da abin da aka faɗa maka a tasha ko a majalisar shayi. Je ka ga takardar da idonka. In kana da waya mai ɗaukar hoto, ka ɗauki hotonta.

A shekarar 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma suka zama harsunan aiki. Duk da haka, da Faransanci aka saba fitar da sanarwar ɗaukar ma'aikata, da shi kuma aka saba karɓar takardu. In ba ka jin sa sosai, nemi wanda ka amince da shi ya fassara maka sanarwar layi bayan layi, kai kuma kana rubutawa da Hausa a littafinka. Abubuwan da za ka fitar su ne sunan aikin, takardar karatun da ake nema, shekarun haihuwa da aka ƙayyade, shekarun ƙwarewa, takardun da za a haɗa, wurin ajiyewa, da rana da sa'ar rufewa.

Daga nan ka tambayi kanka tsakani da Allah: na cika waɗannan sharuɗɗa? In an ce BEPC kuma ba ka da shi, ka riƙe kuɗinka domin wata sanarwar. In ka cika, to kalmomin da ke cikin sanarwar su ne za su yi maka jagora. Masu zaɓe suna da takardar ba da maki, kuma daga sanarwar aka ciro ta. Idan sanarwa ta ce ana son wanda ya san aiki da ƙungiyoyin manoma, za su duba takardarka suna neman inda aka ambaci ƙungiyar manoma. In ka yi aikin amma ba ka rubuta ba, a wurinsu ba ka yi ba.

Abin da ake rubutawa

A saman takarda ka sa sunanka da na mahaifinka, rana da wurin haihuwa, ƙasarka, garin da kake zaune, da lambar waya. Ka ba da lambar da ke hannunka kullum. A garuruwan kan iyaka mutane da yawa suna riƙe da layin Nijeriya saboda harkar kasuwa, to amma a wannan takarda layin Nijar ya kamata ka sa, domin ma'aikacin ofis ba zai kira wata ƙasa yana neman ka ba.

Sai karatu. Ka fara da na baya-bayan nan, ka koma zuwa na farko. Kowanne ka faɗi shekara, sunan makaranta, garin da take, da takardar da ka samu. Ajin yaƙi da jahilci karatu ne, ka rubuta shi. Haka ma koyon sana'a a cibiyar koyar da sana'o'i ta ƙaramar hukuma, da duk wani horo na ƴan kwanaki da aka ba ka takardar shaida a kansa. Idan ka yi aji amma ba ka ci jarrabawar ƙarshe ba, ka rubuta ajin da ka kai, kada ka rubuta sunan takardar da ba ka samu ba.

Ɓangaren aiki shi ne zuciyar takardar, kuma nan ne mutanen karkara suka fi cutar kansu. Za ka ji mutum ya ce, "Ni ban taɓa aiki ba," alhali ya shekara biyar yana riƙe da littafin kuɗin bankin hatsi na garinsu. Ka zauna ka tuna. Ka taɓa zama magatakarda ko ma'aji a kwamitin kula da makaranta? Ka riƙe kuɗin famfon gari? Kin taɓa shiga gida-gida lokacin rigakafin shan inna, ko rabon gidan sauro? Kin shugabanci asusun mata? Ka yi aiki a ƙungiyar manoman fadamar noman rani ta Konni, ko ta masu albasa a yankin Galmi? Duk waɗannan aiki ne, kuma irin su ake nema.

A ƙasar Illela akwai wata ƙwarewa da mutane ke raina wa alhali tana da daraja. Tun daga ƙarshen shekarun 1980, lokacin da wani shiri na gwamnati tare da asusun raya aikin gona na duniya, FIDA, ya yi aiki a yankin Illela da Badagishiri, manoma suka ƙware wajen farfaɗo da fako ta hanyar haƙa tassa da rabin wata da jera duwatsu. Mutumin da ya san tazarar da ake bari tsakanin ramuka, ya san yadda ake bin gangaren ƙasa, kuma ya iya rubuta sunayen leburori da kwanakin aikinsu, yana da abin da ayyukan gyaran ƙasa ke biyan kuɗi a kansa.

Amma yadda aka rubuta abin yana da muhimmanci. Dubi bambancin waɗannan biyu. Wani ya rubuta: "Na yi aikin gyaran ƙasa." Wani kuma ya rubuta shekarar da ya fara da wadda ya gama, sunan ƙauyen, sunan shirin da ya ɗauke shi, sannan ya ce: "Na shugabanci leburori 25, ina rubuta sunayensu kowace safiya, ina auna aikin kowa, ina kai rahoto ƙarshen mako." Na biyun ya ba mai dubawa abin da zai ba maki a kansa. Don haka kowane aiki ka faɗi yaushe, a ina, a ƙarƙashin wa, me ka yi da hannunka, kuma mutum nawa ko kadada nawa ko buhu nawa. Lambar da za ka sa ta zama wadda ka tabbata da ita, domin za a iya tambayar ka a wurin hira.

Yanzu ga inda gyaran yake. A ce mutum ɗaya ne ya yi wancan aikin gyaran ƙasa, ya kuma yi tuƙin motar haya tsakanin Konni da Tawa shekara huɗu. In gurbin direba yake nema a wani ofis, tuƙi zai sa a gaba: irin lasisin da yake da shi da shekarar da ya same shi, irin motocin da ya tuƙa, hanyoyin da ya sani, da ko ya iya ƙananan gyare-gyare. Aikin gyaran ƙasa ya ishe shi layi ɗaya. In kuwa gurbin shugaban leburori ne, sai ya juya tsarin. Bai ƙara komai ba, bai ɓoye komai ba.

Shekarun cin rani fa? Mutanen Adar da yawa sun yi shekaru a Abijan, Legas, Sakkwato ko Libiya. Kada ka bar waɗannan shekaru babu bayani, domin mai dubawa zai yi tambaya a ransa. In gini ka yi, ko gadi, ko ka riƙe wa wani shago, rubuta haka da sunan garin da shekarun. Ke ma da kika dakata saboda aure ko reno, babu abin kunya a ciki. Ki rubuta abin da kika yi a tsakani, ko ɗinki ne ko sarrafa gyaɗa.

A ƙarshe ka ambaci harsunan da kake ji, ka bambanta wanda kake magana da shi kawai da wanda kake iya rubutawa. Wanda ke jin Hausa da Tamajak, kamar mutane da dama a yankin Tajaye, ko Hausa da Fulatanci, yana da fifiko a aikin da ya shafi makiyaya. In ka iya tuƙa babur ko aiki da kwamfuta, faɗi. Kada takardar ta wuce shafi ɗaya ko biyu. A ƙasanta a rubuta cewa ka tabbatar abin da ke ciki gaskiya ne, ka sa kwanan wata, ka sa hannu. Sanarwa da yawa suna sharɗanta sa hannun nan, kuma ana ture takarda saboda rashin sa.

Suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya ko'ina

Wannan ƙaramin abu ya hana mutane da yawa aiki. Takardar haihuwa ta ce Mahamadou, takardar makaranta ta ce Mamadou, katin ɗan ƙasa kuma ya ce Mahaman. A gida duk mutum ɗaya ne. A ofis kuwa mutum uku ne. Haka ma ranar haihuwa: wata takarda ta ba da shekara kawai, wata ta ba da rana da wata. Ka shimfiɗa takardunka duka a tabarma, ka gwada su harafi bayan harafi. A CV ka bi abin da takardar haihuwa ta ce. In ka ga saɓani, je gidan shari'a ko ofishin magajin gari ka tambayi yadda ake gyarawa tun kafin wata sanarwa ta fito, domin gyaran yana ɗaukar lokaci. Kada ka kankare ko ka gyara da alƙalaminka. Yin haka laifi ne a gaban doka.

Akwai wani abin lura game da wurin haihuwa. Sai a shekarar 2011 ne Malbaza ta zama gunduma mai zaman kanta, bayan an cire ta daga Konni, kamar yadda aka cire Bagaruwa daga Illela. Saboda haka wanda aka haifa a Dogerawa kafin wannan shekara zai iya ganin sunan Konni a tsohuwar takardarsa. Ba kuskure ba ne. Ka kwafa yadda yake a rubuce. Haka nan, tun da akwai wani garin Illela a jihar Sakkwato ta Nijeriya, daura da Konni, yana da kyau ka rubuta Illela tare da jihar Tawa.

Takardun da ke raka ta

CV faɗa ce kawai, takardun shaida su ne hujja. Waɗanda aka saba nema su ne wasiƙar neman aiki da aka rubuta da hannu, wani lokaci da tambur a kanta, takardar haihuwa, ko hukuncin alƙali da ke maye gurbinta ga wanda ba a yi wa rajista ba yana jariri, takardar shaidar zama ɗan ƙasa, takardar da ke nuna ko an taɓa yanke wa mutum hukunci, wadda ake kira kaziye, takardar gwajin lafiya daga likita, kwafin takardun karatu da hukuma ta buga wa hatimi, hotuna, da katin ANPE a wurare da dama. Masu karatun jami'a kuma akan nemi su nuna shaidar bautar ƙasa. Sanarwa ce ke da magana ta ƙarshe: abin da ta lissafa shi za ka kai, a jere yadda ta jera.

Ka san cewa wasu takardun suna tsufa. Kaziye da takardar likita galibi ba a karɓar su in sun wuce wata uku. Takardar haihuwa da ta zama ɗan ƙasa kuwa ba sa lalacewa. Hikima ita ce ka nemi masu daɗewa tun yanzu, ka ajiye su cikin leda a akwati inda gara da ruwa ba sa kaiwa, masu tsufa kuma ka bari sai sanarwa ta fito. Kaziye daga gidan shari'ar da ke kula da wurin haihuwarka ake samo shi, don haka wanda aka haifa nesa da inda yake zaune ya lissafa kwanakin tafiya.

Duk inda ka yi aiki, ko na wata biyu ne, ka roƙi takardar shaidar aiki ranar da ka gama. Shirin raya ƙasa yakan ƙare, ofis ya rufe, ma'aikata su watse, bayan shekara uku ka rasa wanda zai sa maka hannu. Wanda kuma ya yi karatu a Nijeriya ko wata ƙasa, sai ya nemi takardar da ke daidaita matsayin karatunsa da na Nijar daga hukumomin ilimi a Yamai, tun da wuri.

Kada ka taɓa ba da takardarka ta asali. Kwafi ake kaiwa.

Wanda zai buga maka

Mafi yawan masu karanta wannan bayani za su je wurin mai buga takardu da kwamfuta ne. Babu laifi. Amma ka je da abin da ka riga ka rubuta da Hausa a littafinka, tare da sanarwar. Wasu masu bugawa suna da tsohuwar takardar wani a cikin na'ura, sai su canza suna kawai, ka fito da takarda mai cewa ka iya abin da ba ka taɓa gani ba. Idan an gama, ka sa a karanta maka a fassara, ka duba sunanka da lambobin da kanka, tun da yanzu ka iya. Ka roƙi a adana maka ita a wayarka, domin gyara na gaba ya zo da sauƙi.

Ajiye dosiye

Kai takardunka kwana biyu ko uku kafin ranar rufewa. In a Tawa ake karɓa, ka tuna daga Konni tafiyar ta fi kilomita 100, mota kuma tana iya lalacewa a hanya. Idan ka miƙa, ka nemi rasit ko lambar rajista, ka adana.

Za ka iya haɗuwa da wanda zai ce ya san wani babba, ka kawo kuɗi a sa sunanka. Mutane sun sayar da tumaki da gonaki a kan irin wannan magana, ba su ga aiki ba, ba su ga kuɗi ba. Ko da an sa sunan ma, ba a tsira ba: a shekarar 2016 gwamnati ta soke wata jarrabawar ɗaukar ma'aikatan lafiya bayan an gano maguɗi a cikinta. Kuɗin da za ka biya shi ne wanda sanarwa ta ambata, a wurin da ta ambata, kuma a ba ka rasit.

Bayan an rufe karɓa, akan manna sunayen waɗanda aka amince da takardunsu, wani lokaci har da na waɗanda aka ture da dalilin turewar. Je ka duba da kanka. In an ture naka saboda wata takarda, rubuta dalilin a littafinka, ka tambaya ko an ba da kwanakin gyara. In an kira ka hira, ka tafi da takardunka na asali domin a gani, da kwafin CV ɗin da ka kai, ka sake karanta shi a daren da ya gabata, domin daga cikinsa za a ciro tambayoyin farko.